Tambayoyi da Amsoshi Kan Hanyoyin Tantance Kasada a Manhajar da Rai Ya Rataya a Kanta

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga injiniyoyi, ɗalibai da masu kula da na'urorin asibiti da na matatun mai, duk lokacin da aka zo maganar manhajar da kuskurenta kan kashe mutum. Misali ɗaya za mu riƙa komawa gare shi: famfon asibiti da ke ɗura wa majiyyaci magani ta jijiya, wanda nas ke saka masa adadin mililita a kowace awa, manhajar cikinsa kuma ta juya motar da ke tura ruwan.

1. Mene ne bambancin haɗari, barazana da kasada?

Haɗari shi ne abin da ya riga ya afku: majiyyaci ya rasu saboda magani ya yi masa yawa. Barazana ita ce halin da na'ura ke shiga wanda idan ya haɗu da mummunan yanayi zai haifar da haɗarin, wato famfo yana tura fiye da abin da likita ya rubuta. Kasada kuwa awo ce: yaya girman cutarwar, kuma yaya yiwuwar afkuwarta.

Manhaja ita kaɗai ba ta ƙona kowa. Sai an haɗa ta da mota, bawul, birki ko haske mai ƙarfi sannan take zama barazana. Shi ya sa duk binciken da ya fara daga layukan umarni, bai fara daga na'urar da mutanen da ke kewaye da ita ba, ya fara daga tsakiya.

2. Me ya sa ba a lissafa manhaja kamar yadda ake lissafa bawul ko batir?

Bawul yana tsufa, yana tsatsa. Idan kana da dubu daga cikinsu za ka iya ƙirga nawa ke lalacewa a shekara, ka fitar da lamba. Manhaja ba ta tsufa. Kuskuren da ke cikinta tun ranar da aka rubuta ta yake nan, yana jiran haɗuwar bayanan da za su tashe shi, kuma duk ranar da suka haɗu sai ya tashi, a kowane kwafi.

Rokar Ariane 5 ta Turai ta nuna wannan ranar 4 ga Yuni 1996. An ɗauko manhajar na'urar sanin alkibla daga Ariane 4, inda ta yi shekaru tana aiki lafiya. Sabuwar rokar ta fi gudu a kwance, sai wata lamba mai gurbi 64 ta fi ƙarfin ma'ajiya mai gurbi 16 da ake zuba ta ciki. Na'urar ta tsaya, rokar ta kauce ta tarwatse cikin sakan 40 ko ƙasa da haka. Babu abin da ya karye, babu abin da ya tsufa. Abin takaici ma, aikin da wannan ɓangaren manhajar ke yi ba shi da wani amfani bayan tashi. Duk hanyoyin da ke ƙasa, ban da STPA (tambaya ta 9), an ƙirƙire su ne domin ƙarfe da ruwa, daga baya aka lanƙwaso su zuwa manhaja, kuma a wurin lanƙwasar ake samun matsala.

3. Yaya ake yin FMEA, kuma me take kamawa?

FMEA bincike ne na hanyoyin lalacewa da sakamakonsu. Sojojin Amurka suka fara rubuta ƙa'idarta a 1949, yau kuma ƙa'idar duniya ta IEC 60812 ke bayaninta. Daga ƙasa take hawa sama. Ka jera sassan na'ura, ka tambayi kowanne ta yaya zai gaza, me zai faru kusa da shi, me zai faru ga majiyyaci, kuma me zai gano gazawar. A famfonmu, layi ɗaya na jadawalin zai ce: sensar matsin ruwa ta maƙale a kan ƙaramar lamba, manhaja ba ta san tiyo ya toshe ba, magani ya daina shiga, ƙararrawa ba ta buga ba, maganin abin shi ne gwada sensar duk lokacin da aka kunna.

Ga manhaja, ba layi-layi ake bi ba. Aiki-aiki ake bi: lissafin gudun mota ya ba da amsa mafi girma, mafi ƙanƙanta, ya makara, ko ya maimaita tsohuwar amsa. Ƙarfinta shi ne ba ta tsallake sashe, kuma sabon ma'aikaci na iya koyonta a mako guda. Rauninta biyu ne. Gazawa ɗaya take dubawa a lokaci ɗaya, don haka haɗuwar biyu kan wuce ta. Sannan idan babu sashen da ya gaza, ba ta da layin da za ta rubuta komai (duba tambaya ta 9).

4. Lambar RPN abin dogaro ce?

A'a, ba ita kaɗai ba. RPN lambar fifikon kasada ce da ake fitarwa a jadawalin FMEA. Ana ba wa tsanani, yawan afkuwa da wuyar ganowa maki daga 1 zuwa 10 kowanne, a ninka su, a samu lamba tsakanin 1 da 1000. Duba abin da ke biyo baya. Gazawar da ke kisa, mai maki 10, 2 da 2, ta ba da 40. Allon da ke dushewa, mai maki 3, 7 da 6, ya ba da 126. Wanda ya ce sai abin da ya haura 100 za a gyara, ya gyara allo ya bar mai kisa. Makin nan matsayi ne kawai, 6 ba ninkin 3 ba ne ta kowace ma'ana, don haka ninka su lissafi ne marar tushe. Masu ƙera motoci na Amurka da Jamus sun ajiye RPN a jagoransu na haɗin gwiwa na 2019, suka koma jadawalin fifiko da ke sa tsanani a gaba. Kafin ka duba kowace lamba, ware duk layin da tsananinsa ya kai 9 ko 10.

5. Mene ne FTA, kuma da me ta fi FMEA?

FTA bishiyar musabbabi ce, an fara ta a 1962 a Bell Labs domin makami mai linzami na Minuteman. Daga sama take sauka. Ka rubuta mummunan abu ɗaya a kai, misali "majiyyaci ya sami magani fiye da kima", ka tambaya me zai kawo shi, tunda ruwa ba ya tsami banza. Rassa na haɗuwa ta ƙofa biyu: ƙofar KO, inda ɗaya ya isa, da ƙofar DA, inda sai duka sun taru. Reshe ɗaya: an buɗe murfin famfo DA maƙallin tiyo bai kama ba, sai ruwa ya kwarara da nauyinsa. Wani reshe: nas ta danna 50 maimakon 5.0 DA manhaja ba ta da iyakar da za ta ƙi karɓa.

Abin da ake nema a ƙarshe shi ne ƙananan haɗe-haɗen da kowanne ya isa ya kawo abin da ke sama. Idan ka sami haɗi mai abu ɗaya tak, ka sami wurin da gazawa guda ke kisa, kuma nan za a fara gyara. Ta fi FMEA wajen ganin haɗuwa, ta kuma fi ta saurin kaiwa ga abin da ya dame ka. Amma abin da ba ka rubuta a sama ba, ba za ta nemo maka shi ba, kuma bishiya ta gargajiya ba ta san gaba da baya ba: "an danna sannan aka buɗe" da "an buɗe sannan aka danna" duk ɗaya ne a wurinta.

6. Zan iya saka lambar yiwuwa a akwatin "manhaja ta yi kuskure"?

Nan ne aka fi cutar da mutane. Na'urar gashin ciwon daji ta Therac-25, ƙirar Kanada, ta yi wa mutum shida ambaliyar haske tsakanin 1985 da 1987, wasunsu suka rasu. A binciken bishiya da kamfanin ya yi a 1983, an ba wa "kwamfuta ta zaɓi ƙarfin da ba shi ba" yiwuwar ɗaya cikin biliyan ɗari, ba tare da hujjar inda lambar ta fito ba. Ga abin da ke faruwa a zahiri: ma'aikaciyar da hannunta ya saba takan danna harafin da ba shi ba, ta koma ta gyara cikin sakan takwas, kafin maganaɗisun na'urar su gama daidaituwa. Allo ya nuna gyaran, na'urar kuwa ba ta ɗauke shi duka ba. Wani kuskuren kuma ma'ajiyar ƙirga ce mai ɗaukar 0 zuwa 255, wadda duk zagaye na 256 take komawa sifili, a daidai wannan lokacin kuma a tsallake wani binciken tsaro. Tsohuwar Therac-20 tana da makullan lantarki da ke hana irin wannan. A sabuwar an cire su, an bar wa manhaja.

Gwaji ma ba ya ba ka irin wannan lamba. A harkar jiragen sama, ana so gazawar da ke halaka jirgi ta kasance ƙasa da ɗaya cikin biliyan a kowace awar tashi. Awa biliyan ɗaya ta haura shekara 114,000, kuma nuna haka ta gwaji zalla na buƙatar fiye da wannan ba tare da kuskure ko ɗaya ba.

Abin yi shi ne abin da IEC 62304 ta na'urorin lafiya ta tsara wajen rarraba manhaja: ka ɗauka za ta gaza, yiwuwar ɗari bisa ɗari, sannan ka tambaya mene ne a wajenta zai tare cutarwar. A famfonmu, wannan na nufin wata da'irar lantarki daban da ke ƙirga juyin mota ta yanke wuta idan ya wuce iyaka.

7. Idan na saka kwamfuta biyu, ko ƙungiya biyu suka rubuta manhajar daban-daban, ba shi ke nan ba?

Ninka yiwuwa a ƙofar DA yana inganta ne kawai idan abubuwan biyu ba su da alaƙa. Sensa biyu, kowacce na gazawa sau ɗaya cikin dubu, a takarda sun ba da ɗaya cikin miliyan. A ce kashi 10 cikin ɗari na gazawarsu daga tushe ɗaya yake, kamar wuta ɗaya ko ƙura ɗaya, sai lambar ta koma kusan ɗaya cikin dubu goma. Ninki ɗari ya tafi.

Kwafi biyu na manhaja ɗaya kuwa ba su ƙara komai a kan kuskuren rubutu. Ariane 5 tana da na'urar alkibla biyu, ta ajiya ce ma ta fara tsayawa, a kan dalili ɗaya (tambaya ta 2). An gudu ba a tsira ba. Rubutawa daban-daban ya fi, amma a gwajin da Knight da Leveson suka wallafa a 1986, an rubuta manhaja 27 daga buƙata ɗaya, aka gwada su sau miliyan, aka tarar suna kuskure tare fiye da yadda lissafin rashin alaƙa ya hango. Wurin da ya yi wa wannan wuya shi ne ya yi wa wancan wuya.

8. HAZOP ta masana'antar sinadarai ce, me ya kawo ta manhaja?

HAZOP bincike ne na barazana da yadda aiki kan kauce daga abin da aka tsara. A kamfanin ICI na Ingila ta taso a shekarun 1960, ta bazu bayan fashewar Flixborough ta 1974 da ta kashe mutum 28. Mutum biyar zuwa bakwai ke zama da shugaba da marubuci, su ɗauki bututu ɗaya a zane, su jefa masa kalmomin jagora: babu, ƙari, ragi, akasi, wani ɓangare, haɗe da wani abu, wani abu daban, da wuri, a makare.

A manhaja, saƙo shi ne bututun. Ɗauki saƙon "adadin gudu" daga allo zuwa mai juya mota. Babu: saƙon ya ɓace, motar ta ci gaba da tsohon adadi? Wani ɓangare: lambar ta iso, ɗigon da ke raba 5.0 bai iso ba. Wani abu daban: an aiko miligiram, an karanta mililita. A makare: umarnin tsayawa ya zo bayan jakar ta ƙare, iska ta shiga tiyo. Da wuri da a makare su suka fi kama kifi a manhaja, kada a yi musu gaggawa. Sharaɗi biyu: a zaunar da nas ko ma'aikacin da ke taɓa na'urar kullum a teburin, kuma kada zama ya wuce awa uku zuwa huɗu, don bayan haka kowace amsa "ba zai yiwu ba" take komawa.

9. Me STPA ta zo da shi sabo?

Nancy Leveson ta jami'ar MIT ce ta tsara ta. Tushenta shi ne haɗari kan afku ko da kowane sashe ya yi daidai abin da aka ce ya yi. Kumbon Mars Polar Lander ya ɓace a Disamba 1999, kuma dalilin da masu bincike suka fi rinjayarwa shi ne: ƙafafun sauka sun miƙe, girgizarsu ta sa sensa ta ba da alama ta ɗan lokaci, manhaja ta ɗauka an taɓa ƙasa, ta kashe injin a tazarar kusan mita 40. Ƙafafu sun yi aikinsu, sensa ta yi nata, manhaja ta bi abin da aka rubuta mata. Buƙatar da aka rubuta ce ke da giɓi.

Matakai huɗu ne. Ka rubuta asarar da ba a yarda da ita ba da barazanar da ke kai ga ita. Ka zana tsarin iko: wa ke umartar wa, wane rahoto ke komowa gare shi, tun daga likita, nas, manhaja, mota, har majiyyaci. Ka ɗauki kowane umarni ka juya shi ta fuska huɗu: ba a ba da shi ba, an ba da shi a halin da yake cutarwa, an ba da shi da wuri ko a makare ko ba bisa jeri ba, an tsayar da shi da wuri ko an daɗe a kansa. Sannan ka nemi yadda hakan zai faru, musamman inda abin da mai iko ya ɗauka ya saɓa wa gaskiya. Misali: an kashe famfo, an kai shi gadon wani yaro, an kunna, ya nuna adadin babban da ya bari, nas ta danna "ci gaba". FMEA ba ta da layi domin wannan.

Tana da nata nauyin. Ba ta ba da lamba, don haka ba ta gaya maka wanne za ka fara gyarawa. Takan fitar da ɗaruruwan yanayi, kuma idan zanen iko ya karkace, duk abin da aka ɗora a kansa ya karkace.

10. To wacce zan zaɓa?

Ya danganta da inda aikin ya kai da abin da kake tsoro. Idan ana matakin tunani, babu zanen waya tukuna, STPA ce kaɗai daga cikinsu ke aiki sosai, kuma abin da ta fitar ya zama buƙatun tsaro kai tsaye. Idan an zana sassa da saƙonnin da ke tsakaninsu, lokacin HAZOP ya yi. Idan an zaɓi sensa, mota da batir, FMEA ta bi su ɗaya-ɗaya. FTA kuwa ita ke tabbatar da cewa babu gazawa guda mai kisa, ta kuma ba da lamba ga ɓangaren ƙarfe kaɗai.

Ƙaramar ƙungiyar da ba ta da ƙarfin huɗun ta ɗauki biyu da ke kallon juna: ɗaya daga sama, STPA ko FTA, ɗaya daga ƙasa, FMEA. Sai a gwama. Duk layin FMEA mai tsanani da bai bayyana a bishiya ba, alama ce an manta reshe. A ganinmu, idan na'urar na da allo da mutum a gabanta, ta sama ta zama STPA, domin yawancin abin da ke kisa a irin waɗannan na'urori tsakanin mutum da manhaja yake faruwa.

11. Ina bishiyar aukuwa da LOPA suka shigo?

Bishiyar aukuwa gaba take tafiya: abu ya faru, kariya ta farko ta yi aiki ko ba ta yi ba, ta biyu fa, har a kai ga sakamako. Rahoton WASH-1400 na 1975 kan tashoshin nukiliyar Amurka ya haɗa ta da FTA. LOPA taƙaitacciyarta ce da ake yi bayan HAZOP a matatun mai da gas, ana ƙirga matakan kariya. Dokarta ɗaya ce da ake yawan karyawa: ƙararrawa da makashin gaggawa da ke zaune a kwamfuta ɗaya, ko ke karanta sensa ɗaya, mataki ɗaya ne.

12. SIL, ASIL da DAL hanyoyin bincike ne?

A'a, sakamakon bincike ne. Matakan tsaurin tsaro ne da ƙa'idoji ke ba wa na'ura. IEC 61508 na da SIL 1 zuwa 4, na huɗu ya fi tsauri. ISO 26262 ta motoci na da ASIL A zuwa D, ana fitar da shi daga tsanani, yawan shiga yanayin, da ko direba zai iya shawo kansa. DO-178C ta jiragen sama na da DAL A zuwa E, kuma a nan A ce mafi tsauri, don haka kada ka ɗauka A ta mota da A ta jirgi ɗaya ne. IEC 62304 na da A, B, C. Ga manhaja, matakin yana faɗin irin tsaurin aikin da za a yi: yawan bita, zurfin gwaji, da ko mai dubawa dole ya zama wani daban da marubuci. Ba ya nufin an auna manhajar an sami lambar gazawa (tambaya ta 6). Idan binciken farko ya raina barazanar, matakin zai fito ƙasa, duk tsaurin da ya biyo baya ya ragu tare da shi.

13. Yaya ake saka ɗan Adam a lissafi?

A rubuta kowane zato a fili, a gwada shi da mutanen gaske. Boeing 737 MAX ya faɗi a Indonesiya a Oktoba 2018 da Habasha a Maris 2019, mutum 346 suka rasu, cikinsu har da 'yan Najeriya. A wancan lokacin, manhajar jirgin mai suna MCAS tana dogara da sensar kusurwa ɗaya a lokaci guda, tana tura hancin jirgi ƙasa. Binciken tsaro ya ɗauka matuƙa za su gane su ɗauki mataki cikin 'yan sakanni, alhali a cikin jirgin gargaɗi iri-iri ne ke tashi lokaci ɗaya, kuma ba a sanar da matuƙan akwai tsarin ba kafin haɗarin farko. An kuma ƙara masa iko daga digiri 0.6 zuwa 2.5 ana tsakiyar ƙira. Duk inda ka ga "ma'aikaci zai lura" a jadawali, ka tambaya: da wane allo, cikin sakan nawa, da ƙarfe nawa na dare, yana kula da gado nawa?

14. Mun sayo na'urar daga waje da takardar shaida. Sai mun sake bincike?

Ba na cikin manhajar ba, wannan ba ka da hanyarsa. Amma zaton da maƙera suka yi game da wurin aiki, kai ne za ka duba shi. Buɗe littafin na'urar ka nemi iyakar zafi, iyakar wuta, da tsawon awannin da ake so ta yi a kunne. Asibiti a Kano ko Damagaram a watan Afrilu, ɗaki ba sanyaya, na iya kaiwa ko haura iyakar digiri 40 da na'urori da yawa ke rubutawa. Ƙurar hunturu na rufe sensar da ke aiki da haske. Awannin kunnawa ma ba wasa ba ne: makamin kariya na Patriot a Zahran ta Saudiyya, a Fabrairu 1991, ya yi kusan awa 100 a kunne, agogonsa ya kauce da kusan sulusin sakan, ya kasa tare makami, sojoji 28 suka mutu.

Zama ɗaya na HAZOP a kan wuta kaɗai ya isa ya buɗe ido. A ɗauke wuta ana tsakiyar ɗura ruwan gishiri a cikin kwano, da batir mai kyau, sannan da wanda ya gaji. A kunna janareto bayan sakan 10, sannan bayan minti 5. A rubuta abin da famfon ya yi: ya tsaya shiru, ya buga ƙararrawa, ya ci gaba daga inda ya tsaya, ko ya koma farko ya sake tura cikakken adadin. A maimaita gwajin duk lokacin da aka sabunta manhaja, aka canza irin tiyon da ake saya, ko aka mayar da famfon daga ɗakin manya zuwa na jarirai.